Fulawil mara nauyi a motar zirga-zirgar gari: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Abu Hafsa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Toyota 86 ɗina ce, 2013, mai giyar hannu, kulocinta ya fara santsi. In na ba ta wuta a giya huɗu sai allurar juyin inji ta tashi, mota kuma tana nan yadda take. Na kai warsha, wato gareji, mu'allim, babban bakaniken, ya ce dole a sauke giyabos. Sai ya kawo wata magana: tunda za a buɗe, a cire fulawil na kamfani, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, hazzaf ɗin nan kamar yadda Larabawa ke ce masa, a sa mara nauyi. Wai na kamfani ya haura kilo 9, nasa kuma kilo 5 ne da 'yan kai. Kuɗin aiki ɗaya ne, kuɗin kaya kawai zan ƙara. Ya rantse motar za ta zama wata daban. Ni dai ba tsere nake zuwa ba. Gidana a kan dutse yake ta bayan Shara Mansur a Makka, aikina a Jidda, kullum tafiya da dawowa. In sa ko in bari?

Ɗan Autan Jidda: Wa alaikumus salam. Yaya sa kawai, kada ka tsaya tunani. Na sa wa tsohuwar Civic ɗina, wallahi taɓa totur kaɗan sai ka ji inji ya amsa kamar babur. Ƙarfin doki ya ƙaru sosai.

Injiniya B.: Auta, ko doki ɗaya bai ƙaru ba. Ko jaki ma.

Ɗan Autan Jidda: To me nake ji a jikina in na taka? Aljanu ne ke turo ni?

Injiniya B.: Abin da kake ji gaskiya ne, sunan da ka ba shi ne ba daidai ba. Fulawil ba ya haifar da ƙarfi, ajiya yake yi. Kowace silinda sau ɗaya take bugawa a cikin juyi biyu na karanshaf. Injin silinda huɗu irin na Abu Hafsa, bugu ɗaya ne a kowane rabin juyi, tsakanin bugu da bugu kuwa fistin cin ƙarfi yake yi, yana matse iska. Wannan faifan ƙarfen shi ke karɓar ƙarfi lokacin bugu, ya mayar lokacin matsi, shi ya sa juyin ke tafiya sumul. Amma duk sanda za ka ɗaga juyin inji, sai ka biya kuɗin juya faifan kafin ragowar ya isa taya. In ka rage masa nauyi, ka rage wannan harajin. Ƙarfin da injin ke bayarwa yana nan yadda yake, rabon ne ya canja, shi ma a lokacin da juyi ke hawa kawai.

Kawu Mai Wurno: Injiniya ka tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Mazarin da take kaɗi da shi akwai gululu na yumɓu a gindinsa. Ranar da muka fasa mata gululun da wasa, ta murza mazarin ya ƙi juyawa, ya yi biyu ya tsaya. Mun sha duka. Haka baburan ban ruwa na Lister da muka taso muka gani a bakin kogi wajen Sinnar: silinda ɗaya tak, amma ƙafafun ƙarfe biyu da mutum ɗaya ba ya ɗaga su. Tuf, tuf, tuf, kwana yake yi yana aiki. Turawan da suka zuba wannan ƙarfen ba wawaye ba ne. Ɗana Abu Hafsa, bar wa mota abinta.

Ɗan Autan Jidda: Kawu da girmanka, motar wasa ce fa ake magana, ba injin niƙa ba.

Kawu Mai Wurno: Motar wasa da ake zuwa neman abinci da ita kullum, ta tashi daga wasa.

Abu Hafsa: Injiniya, a taƙaice nawa ne ribar? Ina son abin da zan iya aunawa, ba wai "za ka ji ta daban" ba.

Injiniya B.: Bari in yi maka lissafi da motarka. Giya ɗaya a 86 rabonta 3.626 ne, difiranshal na 2013 kuma 4.1. In ka ninka, inji na juyawa kusan sau 15 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tayarka 215/45 R17, daga tsakiya zuwa ƙasa wajen santimita 31. A ce kilo 4 aka cire, kuma mu ƙaddara an cire shi ne daga wajen santimita 12 da tsakiyar faifan. Wannan ƙaddarawa tawa ce, don ya danganta da ƙirar wanda za ka saya. Da wannan lissafin, a giya ɗaya kamar ka sauke kilo 130 ne daga motar, wato ƙatti biyu. A giya biyu kilo 47. A uku wajen 24. A huɗu 15. A shida ba ta kai kilo 6 ba, ledar cefane ke nan.

Abin da ya sa yake zubewa haka shi ne rabon giya sau biyu yake shiga lissafin, ana ninka shi da kansa. Motar da ta kai kilo 1,250, cire mata 130 abu ne da za ka ji. Cire mata 6 kuwa ko ita ba ta sani ba.

Yanzu ka duba rayuwarka. Daga Makka zuwa Jidda kilomita saba'in da wani abu, kana giya shida, gudu 120, allura na zaune wajen 3,200 ba ta motsi, Sahir, kyamarar kama masu gudu, kuma na jiran wanda zai ƙara. A wannan hanyar gaba ɗaya fulawil ɗin ba ya yi maka komai, mai nauyi ne ko mara nauyi.

Abu Hafsa: To ai a giya ɗaya da biyu nake yini in na shigo gari. Ke nan a nan zan ci ribar?

Usta Garba: A nan za ka ci, a nan kuma za ka biya. Salamu alaikum, yanzu na wanke hannu na ga maganar. Shekara ashirin da shida ina sauke giyabos a sana'iyya, bari in faɗi abin da takarda ba ta faɗa. Lokacin da kake tsaye a ishara, wato danja, inji na silo, yana aiki ba a taka totur ba, ka fara sakin kuloci, me kake zaton ke tura motar a wannan daƙiƙar ta farko? Injin lita 2 a silo ba shi da wani ƙarfin kirki. Ajiyar da ke cikin fulawil ce ke ɗaga motar daga tsaye kafin wuta ta kama. Ka rage ajiyar, sai ka cike gurbin da ƙafarka: ƙarin totur, ƙarin riƙe kuloci a rabi. A shimfiɗaɗɗen titi irin na Kurnish ɗin Jidda ba komai, kwana uku ka saba. Amma kai ka ce a kan dutse kake. Na san lungunan nan. Hawa ne tsaye, mota ɗaya ke wucewa, maɗabb, tudun nan na rage gudu, a tsakiyar hawan, yara na ƙwallo, mukayyif, wato AC, a kunne don zafi ya haura 45. Kwamfaresan mukayyif ya kama a daidai lokacin da kake sakin kuloci, sai ka ji tsit, ta mutu. Na bayanka ya danna hon. Ka tayar, ka ba ta wuta da yawa don haushi, ka ji ƙaurin faranti. Kuma 2013 ba ta da abin nan mai riƙe birki a hawa, sai daga 2017 suka sa. Kai da hambirki ne.

Sannan zafi. Ƙarfe mai kauri yana shanye zafin kuloci. Siriri da wuri yake ɗaukar zafi, fuskarsa ta yi tabo shuɗi-shuɗi, daga nan sai karkarwa in za ka tashi.

Kawu Mai Wurno: Yawwa Usta. Kuma ku gaya masa in ya nufi Ɗa'if ta hanyar dutsen Hada, motar ba za ta ja hawan ba. Nauyin nan shi ke ba mota ƙarfin hawa dutse. Na yi shekaru ina jan bas a hanyar, na sani.

Injiniya B.: Kawu a nan kam ban bi ka ba. Da zarar kuloci ya kama gaba ɗaya kana hawa da gudu ɗaya, fulawil ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Ba zai ba da abin da ba a zuba masa ba. Ajiyarsa ta daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, hawan Hada kuwa kilomitoci ne har ka kai kusan mita 2,000 sama da teku. Fetur ne ke kai ka can, ba faifai ba.

Kawu Mai Wurno: Kai a takarda ka hau Hada, ni da fasinja arba'in da tara na hau.

Usta Garba: Ku duka kuna da gaskiya, wuri ne ya bambanta. Kawu, abin da ka sani shi ne canjin giya a hawa. Ka taka kuloci a lanƙwasa, babbar mota na rage gudu, in juyin inji ya faɗi kafin ka shiga giyar, ka shiga uku. A nan nauyi na taimako, don yana riƙe juyin. Amma in ana tafiya ba a canja giya ba, maganar Injiniya ce.

Kawu Mai Wurno: To na karɓi rabi. Rabin kuma na bar wa biran Hada su yanke.

Maman Walid: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Camry ɗina otomatik ce, ita ma ana yi mata wannan? Walid ne ke damuna tun da ya ga hira a wayata.

Usta Garba: Hajiya ki kwantar da hankalinki. Otomatik ba ta da irin wannan. Wani siririn faifai ne da haƙoran sitata a bakinsa, nauyin kuma yana cikin tulun man giya da ke manne da shi. Babu abin ragewa. Ki ce Walid ya yi karatu.

Maman Walid: Alhamdu lillahi, kuɗina sun tsira.

Ɗan Autan Jidda: Ni fa ban ga abin kashe kuɗi ba ma. Yaya Abu Hafsa, kai na kamfanin makhraɗa, wajen masu injin sassaƙa ƙarfe, su sassaƙe maka kilo uku ta baya. Haka na yi wa tawa, kuɗin shawarma biyar.

Usta Garba: Auta, wace warsha ce ta yi maka wannan? A'a, kada ma ka faɗa a nan. Ka zo ka same ni gobe in duba motar, kyauta.

Jama'a wannan ita ce magana ɗaya da ba na wasa da ita. Yawancin fulawil na kamfani ƙarfen zubi ne, zahar. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Wanda ya sha zafin kuloci shekara goma, in ka goge fuskarsa ka haska fitila za ka ga 'yan tsage-tsage sirara kamar faso a diddige. Ka ɗauki wannan ka rage masa kauri, ka bar kusurwa mai kaifi inda bakin tona ya tsaya, ba ka kai an yi masa balans ba, sannan ka kai shi juyi 7,000?

Na ga ɗaya da idona. Saɗha, motar ɗaukar mota, ce ta kawo motar da safe. Kwandon giyabos ya huje, ramin ya isa in zura hannuna har gwiwa. Zoben haƙoran sitata ya miƙe kamar an warware awarwaro, wani guntu ya yanka ƙasan motar ya fito ta kusa da totur, ya tsaya cikin kafet. Yaron yana tsaye gefe da takalmi ɗaya, ɗayan yana cikin motar, gabansa a yage. Allah ne ya tsare yatsun. Bai yi magana ba har muka gama dubawa, sai ruwa da yake ta sha.

Injiniya B.: Don a gane abin da Usta ke faɗa: faifan da faɗinsa ya kai santimita 30, in yana juyi 7,000 a minti, bakinsa na tafiyar kusan kilomita 400 a awa. Kuma in juyi ya ninka biyu, ƙarfin da ke son yaga shi ninki huɗu yake yi. A 86 inji a miƙe yake daga gaba zuwa baya, giyabos na bin tsakiyar mota, wato faifan yana daura da ƙafar direba ta dama. Shi ya sa masu tseren miƙaƙƙen layi a Amurka ke da ƙa'idar SFI 1.1 a kan fulawil da kuloci, motoci masu ƙarfi kuma ana tilasta musu kwandon ƙarfe mai tare ɓaraguzai. In mutum zai saya, ya sayi wanda aka ƙera shi mara nauyi tun asali, na ƙarfen kuromoli, ko na alminiyam mai farantin ƙarfe a fuska. Wanke fuskar na kamfani a makhraɗa don ta yi sumul, wannan daban, aikin yau da kullum ne, ɗan kaɗan ake ɗauka. Sassaƙe kilo-kilo shi ne ganganci.

Ɗan Autan Jidda: Shekara ɗaya da rabi ina hawa ba abin da ya faru.

Usta Garba: Shi ma yaron haka ya ce wa babansa. Gobe bayan La'asar.

Admin: Tunatarwa: wanda ya turo bidiyon tafhiɗ, wasan ganganci da mota a titi, ɗazu na goge. Ba ma yaɗa wannan a nan. Tarar farko riyal 20,000 ce da tsare mota, ta biyu 40,000, ta uku 60,000, mu kuma baƙi mun san abin da ke biyo bayan irin wannan a kan iƙama. Mai son gudu akwai filin Dirab a Riyad. A ci gaba.

Abu Rayyan: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni irin motarka gare ni, Subaru BRZ, inji ɗaya giya ɗaya, sunan ne kawai daban. Shekara biyu ke nan da na sa na kuromoli. Zan faɗa maka tsakani da Allah.

Daɗinsa ba a gudu yake ba. Ban taɓa riga kowa isa ko'ina ba saboda shi. Daɗin yana wajen sauko da giya. Kana gangarowa daga Hada da asuba, lanƙwasa na zuwa, ka taka kuloci, ka ɗan lasa totur da gefen ƙafa, allura ta yi tsalle ta tsaya daidai inda kake so, giya uku ta shige kamar an shafa mata man shanu. Da na kamfani sai ka jira injin, da wannan shi ke jiran ka. In kana cikin masu jin daɗin wannan, babu abin da zai maye maka shi. In ba ka gane abin da na faɗa ba, kada ka saya.

Wahalarsa kuma. Na ɗaya ƙara. In kana tsaye ba giya, ƙafa a sake, mukayyif a kunne, giyabos ya yi zafi, za ka ji kacau-kacau daga ƙasa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ka taka kuloci ya ɗauke, ka saki ya dawo. Haƙoran giya ne ke karo da juna saboda juyin silo ya daina zama sumul. An ce mini ba ya ɓata komai, kuma har yau bai ɓata ba, amma uwargida ta tambaye ni sau uku ko motar lafiya, wani ɗan Pakistan a gidan mai ma ya ba ni lambar ɗan'uwansa bakanike. Na biyu, hawa giya sai ka yi sauri, in ka yi sanyin hannu juyi ya faɗi, motar ta yi tsalle, fasinja ya gyaɗa kai. Na uku, Ramadan. Goman ƙarshe in ka faɗa cunkoson titin Ibrahim Khalil ko ta wajen Kudai, awa ɗaya kana taka-saki, ƙafar hagu sai ta yi rawa. A ranakun nan ina ajiye ta in ɗauki Accent ɗin ƙanina.

Fetur kuwa ban ga bambanci ba, 95 ɗin nan dai na riyal 2.33 nake sha kamar da.

Abu Hafsa: Fitilar inji fa? Wani ya ce tana kamawa.

Usta Garba: Tana yi a wasu motoci. Kwamfuta na gane silinda ta yi fashi ne ta hanyar auna yadda juyin karanshaf ke hawa da sauka. Faifai in ya yi rashin nauyi da yawa, juyin silo na rawa, sai ta ɗauka fashi ne ta rubuta lambar matsala P0300. An fi ganin haka da na alminiyam masu shegen rashin nauyi, ko wanda ya haɗa da canja fulin gaba shi ma. Kada ka yi biyun tare.

Abu Rayyan: Tawa ba ta taɓa kamawa ba. Fahas, binciken mota na hukuma, ma na wuce sau biyu, ba wanda ke ganin abin da ke cikin kwando.

Malam Isa Madina: Tambaya a gefe. Tawa dizal ce, an ce fulawil ɗinta mai hawa biyu ne, ya fara ƙara, kuɗin sabo kuma ya tsorata ni. Wani ya ce in mayar da ita mai guda ɗaya.

Injiniya B.: Malam wannan wata muhawarar ce. Mai hawa biyu faifai biyu ne da sifirin a tsakani, kamfanin LuK na Jamus ya fara fitar da shi a 1985, aikinsa shanye bugun inji kafin ya isa giyabos. Dizal bugunsa ya fi na fetur tsanani. In ka cire, bugun ba ɓacewa yake yi ba, giyabos ne zai sha. In dole sai ka canja, sai da cikakken saiti wanda farantinsa ke da nasa sifirin, kuma nauyinsa kusa da na asali. Buɗe sabon zare mu yi ta a can.

Abu Hafsa: Na gode ƙwarai. Har yanzu zuciyata biyu. Maganar Abu Rayyan ta Hada ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

Abu Rayyan: Gani ya kori ji. Daren Alhamis bayan Isha zan shigo Makka. In kawo maka ita ƙofar gidanka, ka hau dutsenku da ita sau uku, mukayyif a kunne. Sharaɗi ɗaya, in ka ƙona mini faranti kai za ka saya.

Kawu Mai Wurno: Ku kira ni in zo kallo.

Abu Hafsa: Jama'a ga rahoto. Abu Rayyan ya cika alkawari, Allah ya saka masa, Kawu ma ya zo da butar shayi. Mun fara fita Da'iri na uku, titin kewaye gari, a can kam na yi ta murmushi ni kaɗai, duk abin da ya faɗa game da sauko da giya haka yake, har na ce a raina an gama, zan sa. Sai muka dawo unguwa. Hawan farko lafiya, don ba kowa a gabana. Na biyu na tsaya a maɗabb ɗin gaban bakala, wata mata na tsallakawa da yara. Na zo tashi ta mutu. Na tayar, wayit, tankar ruwa, ya riga ya manno mini baya, fitilunsa sun cika madubi, ta sake mutuwa. Karo na uku na ba ta wuta har 3,000 na tashi da hambirki, Abu Rayyan na salati a gefe. Na san da sabo zan iya. Amma wannan maɗabb ɗin sau huɗu nake bin sa a rana, Hada kuwa rabona da ita tun ƙaramar Salla. Na kamfani zan bari.

Ɗan Autan Jidda: Yaya ka ba mu kunya. Ƙafa ce ba ka da ita.

Kawu Mai Wurno: Kai Auta, ka je wajen Usta ko ba ka je ba?

Ɗan Autan Jidda: Na je Kawu. Ta kwana biyu a can. Ina neman fulawil na Civic a tashlihin Buraiman, kasuwar tsofaffin kayan mota, in wani ya san mai shi.

Usta Garba: Abu Hafsa, ka gaya wa mu'allim ɗinka ya duba fuskar tsohon da fitila. In ba tsaga, a wanke shi a makhraɗa, in akwai a nemo wani. Ya sa sababbin kusoshi, ya ɗaure su da ma'auni a giciye, ba da bindigar iska ba. Fahma, wato boris ɗin kuloci, da ƙaramin boris na tsakiya su ma a canja, ya kuma leƙa sil ɗin bayan karanshaf tunda wurin a buɗe yake. Kilomita 500 na farko ka lallaɓa ta.